Tsallake Kogin Hudson a Ƙafa ta Kan Tsohuwar Gadar Jirgin Ƙasa

Gadar da ta haɗa garin Poughkeepsie da Highland a jihar New York ta Amurka an buɗe ta ne a shekarar 1889, jiragen ƙasa masu dakon kaya suka yi ta bi ta kanta har zuwa watan Mayun 1974, lokacin da gobara ta cinye katakon layin dogon. Ta yi shekara 35 a yashe kafin a shimfiɗa mata kankare, a kafa mata shinge, a buɗe ta ga masu tafiya a ƙafa da masu keke a watan Oktoban 2009.

Na hau ta da hantsi daga ɓangaren Poughkeepsie. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, gadar a miƙe take samɓal, shi ya sa na yi ta cin karo da tsofaffi a keken guragu da iyaye masu tura jarirai. Sai da na yi tafiya mai ɗan nisa ina kallon rufin gidaje da tituna a ƙarƙashina kafin na iso kan ruwa, inda tsakanina da kogin akwai wajen mita 65, kwale-kwalen da ke wucewa kuwa sai ka rantse na wasan yara ne.

Abin da na fara koya shi ne sauƙin hanyar yana da yaudara. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2, zuwa da dawowa kilomita 4 ke nan, ga ƙarancin inuwa, ga iska mai ƙarfi a tsakiyar kogi wadda ta sa na riƙe hulata da hannu har na ƙetare. Duk mai niyyar zuwa ya tafi da ruwan sha da riga mai kauri.

Na biyu ya fi muhimmanci a ganina: wanda ke kan gadar ba ya ganin gadar, kankare kawai yake takawa. Aikin maƙeran ƙarni na 19, wato ginshiƙai da saƙar ƙarafan da suka ɗauki jirage tsawon shekara 85, duk yana ƙasa. Saboda haka na dawo ta gadar motoci ta Mid-Hudson, wadda aka buɗe a 1930, mai hanyar ƙafa a gefenta, kuma daga can ne na ga tsohuwar gadar sosai, daga wannan gaɓa zuwa waccan.