Tafiyarmu a jirgin ruwa ta gaɓar Norway, mu da yara da Hajiya

Duk mai sha'awar bin gaɓar tekun Norway daga Bergen zuwa Kirkenes ya fara sanin cewa jirgin da ke wannan hanya ba irin katafaren jirgin shaƙatawan nan ba ne mai gidan rawa da wurin wasan yara hawa-hawa. Jirgin aiki ne. Tun 1893 aka fara wannan zirga-zirga, wani kyaftin mai suna Richard With ya buɗe ta tsakanin Trondheim da Hammerfest saboda mutanen arewacin ƙasar sai su yi makonni wasiƙa ba ta iso musu ba, kuma har yau jirgin na ɗaukar kaya da motoci da mutanen gari masu zuwa ƙauyen gaba, yana tsayawa a tasha 34, wata tashar minti goma ko sha biyar kawai zai yi, a sauke kaya a loda wasu ya ƙara gaba. Kamfani biyu ne ke raba hanyar yanzu, Hurtigruten da Havila. Hajiya, surukata, da ta ga yadda ake ta tsaye-tsayen nan cewa ta yi ai wannan jirgin ƙasan Kano zuwa Legas ne na da aka ɗora a kan ruwa, kuma gaskiya ta faɗa.

Mu a Aberdeen muke zaune, wurin aikin Abban yara, kuma makarantun Sikotlan tun ƙarshen watan Yuni suke ba da dogon hutu, shi ya sa muka samu lokacin da ake so. Daga Aberdeen zuwa Bergen a jirgin sama ba nisa, kafin yara su gama rigimar wa zai zauna a taga an fara sauka. Inda aikin yake shi ne takardun Hajiya, mahaifiyar maigidan, da ta zo mana daga Kano. Bizar Birtaniya ba ta shiga Norway, sai an nemi ta Shengen daban, bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai da Norway ke ciki, kuma ana so mutum ya nema a ƙasar da yake zaune, wato tun tana Najeriya aka yi mata, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da suke sharɗantawa. Duk wanda zai tafi da tsohuwa ko tsoho daga gida to ya fara da wannan kafin ya biya kuɗin ɗaki. Sannan kar a ce za a yi guzurin kilishi ko dambun nama, dokarsu ta hana shigo da nama daga wajen Turai. Yaji da garin kunu da dabino muka ɗauka, yajin nan kuwa shi ya riƙe mu.

Bergen gari ne na ruwan sama, su kansu 'yan garin da shi suke tsokanar kansu. Mun zaga Bryggen, tsofaffin gidajen katakon nan masu launi na 'yan kasuwar Jamus na zamanin da, muka hau ɗan jirgin da igiya ke ja zuwa saman dutsen Fløyen, wajen takwas da rabi na dare jirgin ruwa ya tashi, ga gari da haske tar.

Maganar ɗaki. A nemi na tsakiyar jirgi, kar ya yi sama sosai kuma kar ya kusa da ƙofar da ake loda kaya, don jirgin ba ya fasa tsayawa saboda dare ya yi, ƙarfe biyu ƙarfe uku za ki ji injin ya canza murya ana ƙwaram-ƙwaram da motar ɗaukar kaya. Yawancin hanyar a cikin lungu take, tsibirai sun tare igiyar ruwa, lafiya lau kamar ba a kan teku ake ba, amma akwai wurare kaɗan da ake fita fili, na farkonsu Stad ne, da asubahin daren farko ake ratsa shi, wurin da tsabar haɗarinsa har gwamnatinsu ta daɗe tana maganar fasa dutse a yi wa jiragen ruwa hanya ta ƙarƙashinsa. Nan babbar 'yata ta sha jiri da amai. Maganin jirin tafiya tun kafin a kwanta ake sha, in zuciya ta riga ta fara tashi ba ya wani amfani. Abin mamaki Hajiya da muke ta jin tsoro a kanta ko gezau, tana zaune da carbinta tana tsokanar jikar tata wai "kishiyar tawa ashe ba ki da ƙwari, da me za ki ƙwace min miji".

Washegari aka shiga Geiranger, wanda a lokacin zafinsu kaɗai jirgin ke ratsawa can. Fiyod suke ce wa irin wurin, wato teku ce ta kutsa can cikin ƙasa ta bi kwarin da ƙanƙara ta ƙwaƙule tun dubban shekaru, dutse a dama dutse a hagu sun miƙe sama, ruwa na zubowa daga kansu, akwai inda guda bakwai ke gangarowa a jere. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2005. Abin da ya fi tsaya min a rai ba ruwan ba ne ma, wasu tsofaffin gidajen gona ne da ake hangowa maƙale a jikin dutse can sama, an ce mutanen da suka zauna a nan har igiya suke ɗaura wa ƙananan yaransu don kar su gangaro. Ni da nawa autan ke neman leƙa ƙarfen gefen jirgi sai na ƙara damƙe hannunsa. A Ålesund kuma duk tsakiyar garin gini ne na dutse iri ɗaya mai ado, saboda gobarar 1904 ta cinye garin katakon a dare guda aka sake gina shi.

To ga babbar maganar, wadda ita ce ta fi ɗaukar mana hankali a tafiyar, salla. Mu da ke Aberdeen mun saba da doguwar rana, a watan Yuni sai bayan goma na dare ake magariba, amma dai rana tana faɗuwa. Da safiyar da aka tsallaka layin Aktik, wato layin taswira da daga shi zuwa arewa ake samun kwanakin da rana ba ta faɗuwa a lokacin zafi, tsakanin Nesna da Ørnes, inda aka kafa wani ƙwallon ƙarfe mai siffar duniya a kan ɗan tsibiri, daga nan lissafi ya canza. Rana za ta yi ƙasa-ƙasa ta wajen arewa kamar za ta faɗi, sai ta bi gefen sama ta sake hawa. A Tromsø haka take yi tun wajen 20 ga Mayu har bayan 20 ga Yuli. Manhajar lokutan salla da ke wayata rikicewa ta yi, wani lokaci ta haɗa isha da asuba a minti ɗaya wani lokaci ta bar wurin ba komai.

Allah ya sa Abban yara ya tambayi malami tun kafin mu taso. Azahar da la'asar ba matsala, rana na karkata kuma inuwa na tsawo. Magariba da isha da asuba ne ake ƙaddarawa, hujjar malamai kuwa hadisin nan na Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda sahabbai suka tambaya game da yinin da zai yi tsawon shekara ko sallar yini ɗaya ta isa, Annabi (SAW) ya ce a'a, a ƙaddara masa. Wasu malaman sun ce a bi gari mafi kusa da ake samun dare da rana, wasu suka ce a bi lokacin Makka, kuma na Makkan ne musulmin Tromsø suke bi a irin wannan lokaci. Shi muka ɗauka, muna magariba bakwai da 'yan mintuna. Malamin ya ƙara da cewa ƙasaru ta halatta a jirgin ruwa, amma a Malikiyya rangwamen haɗa salla biyu na tafiyar tudu ne, don haka kowace muka yi ta a lokacinta, dama ba abin da ya hana tunda ga ɗaki ga ruwa. Alƙibla ce sai an duba kowane lokaci saboda jirgin na ta lanƙwasa tsakanin tsibirai, ta wajen kudu maso gabas take, amma bangon da kika fuskanta da azahar ba shi za ki fuskanta da la'asar ba.

Hajiya fa da farko ƙi ta yi. Ta ɗaga labule ta ga rana ƙiri-ƙiri ta ce "ni 'yar nan ban taɓa magariba rana na kallona ba, ku dai ku yi". Sai da ɗan nata ya zauna ya yi mata bayani a hankali, ya ce Hajiya in kika ce sai ta faɗi to sai dai ki jira wata mai zuwa, ta yi dariya ta ce Allah mai iko, ta tashi ta yi alwala. Da muka isa Tromsø, inda jirgin ke yin wajen awa huɗu, mun taka zuwa masallacin Alnor a cikin gari, yana cikin masallatan da suka fi kusa da ƙarshen arewacin duniya, muka tarar da 'yan Somaliya da Larabawa da Turawan da suka musulunta. Tunanin da na yi ta yi shi ne azumin 2015 da 2016 da ya faɗo a watan Yuni, mutanen nan suna buɗa baki rana na sama.

Barcin yara ma sai da dabara, don jikinsu ba ya yarda dare ya yi. Agogo muka bi ba taga ba, tara ta yi a ja labule a kwanta. Dare ɗaya kawai na ɗaga musu ƙafa, daren Lofoten, kuma ya cancanta. Daga Bodø ake ratsa wani buɗaɗɗen ruwa na wajen awa huɗu, duwatsun tsibiran su taso a gabanki baƙi ƙirin masu tsini, ƙananan gidaje jajaye a gindinsu. Muna shiga Svolvær wani wari ya bugo mu wanda duk ɗan Najeriya ya san shi, ga manyan rumfunan katako na shanya kifi a bakin tasha. Kifin kod ne suke kamawa da hunturu su rataye shi ba gishiri ba hayaƙi, iska mai sanyi kawai ke busar da shi na watanni, lokacin da muka je an sauke yawanci. Jikin kifin mai kyau Italiya ta fi saye, kawunan kuwa Najeriya ake kai su, okporokon nan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce ashe daga nan yake fitowa, shekara da shekaru tana wuce shi a kasuwa tana toshe hanci. Bayan nan can cikin dare kyaftin ya kutsa da mu Trollfjord, wanda bakinsa bai fi faɗin mita 100 ba, ya juya jirgin a ciki dutse kamar ki miƙa hannu ki taɓa, sha biyun dare ta kusa amma ko fitila ba a buƙata.

Abinci kuwa in mutum na cin kifi ya huta, salmon ne da kod da jatan lande da dankali da burodi iri-iri, sai wani cuku mai ruwan ƙasa mai zaƙi-zaƙi da yara suka so ni ban so ba. A faɗa musu tun wajen biyan kuɗi cewa ba a cin alade da abin da aka dafa da giya, suna kiyayewa kuma in kin tambaya za su gaya miki abin da ke ciki, amma teburin karin kumallo a kula da yankakken naman nan mai sanyi, yawancinsa alade ne. Nama dai mun haƙura da shi gaba ɗaya. Ruwan famfo ake sha, ya fi na roba daɗi. Tsada kam akwai ta, Norway ba wasa, kuma kati ake amfani da shi ko'ina, ba sai an canji kuronarsu da yawa ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne yawon da ake shiryawa a mota in an tsaya, ku shida in kuka ce kowanne sai kun je aljihu zai yi kuka. A Trondheim da ƙafa muka je muka ga tsohuwar majami'ar Nidaros muka dawo, a dai riƙa duba agogo don jirgin ba ya jiran kowa.

Wanda muka biya wa kuɗi shi ne na Nordkapp, can ƙuryar arewacin ƙasar, daga tashar Honningsvåg. Ba bishiya ko ɗaya a hanya, sai barewar nan ta mutanen Sami, 'yan asalin yankin, mai ƙaho reshe-reshe tana kiwo a gefen titi, ƙarshen hanyar kuma gaɓar dutse ce mai tsawon mita 307 a kan teku. Hazo ya rufe wurin da muka isa, ya ɗan yaye na 'yan mintuna muka ga ruwan ya sake rufewa, ga iska mai shiga ƙashi a tsakiyar abin da suke kira lokacin zafi. Rigar sanyi mai tare iska da safar hannu dole ne, mayafi kuma a sa masa fil da kyau ko a sa hijabi mai hannu. Garuruwan wannan yanki na Finnmark kusan duk sababbin gini ne saboda sojojin Jamus sun ƙone su da suke janyewa a 1944, kuma duk da nisansu a arewa tasoshinsu ba sa daskarewa, albarkacin ruwan ɗumi da ke gangarowa daga yankin tekun Meziko.

A Kirkenes muka sauka, 'yan kilomitoci daga iyakar Rasha, har allunan titi da rubutun Rashanci a jiki, muka hau jirgin sama zuwa Oslo. Jirgin ruwan shi juyawa yake ya koma Bergen, zuwa da dawowa kwana 11, amma mai ƙananan yara rabin ya ishe shi, don zuwa ƙarshe nawa sun fara gajiya da kallon dutse suna tambayar yaushe za a koma gida. Yanzu Abban yara ya dage wai sai mun koma da hunturu ganin koren hasken nan da ke rawa a sama, lokacin da rana ba ta fitowa sam a Tromsø daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya, ya ɗauko mana hoto.