Mako na takwas: kwaɓin siminti cikin asid da salfet

'Yan uwa masu koyo, yau mako takwas ke nan da na tsoma wasu 'yan bulullukan siminti da na yi cikin ruwan gwaji don ganin yadda za su jure asid da salfet, ga kuma inda aka kwana.

Kwaɓi uku na yi, kowanne siminti awo 1, yashi awo 3. Na farko simintin Portland ne zalla, wato simintin gini da aka saba, ruwansa rabin nauyin simintin. Na biyu na rage masa siminti kashi ɗaya cikin biyar, na cike da tokar ɓuntun shinkafa. Na uku da gangan na zabga masa ruwa, yadda muke yi idan muna so kwaɓi ya bi cokali. Sai da suka yi kwana 28 a tsabtataccen ruwa kafin na raba su: wasu cikin ruwan khal (vinegar), wanda asid ne, wasu cikin ruwa mai giram 50 na gishirin sodiyam salfet a kowace lita.

Khal bai ɓata lokaci ba. Mai ruwa da yawan nan, da farce ma yashinsa zubowa yake, kusurwoyinsa duk sun cinye. Idan siminti ya kama, yakan bar wani sinadari mai suna kalsiyam haidiroksaid a cikinsa, shi ne asid ke fara narkarwa, kuma ƙananan ƙofofin da rarar ruwa ta bari su ne hanyarsa ta shiga ciki. Mai toka ya fi riƙe fuskarsa, domin silikar da ke cikin tokar ta riga ta ci wani ɓangare na kalsiyam haidiroksaid ɗin. Amma shi ma yana ciwuwa, kada wani ya ɗauka ya tsira.

Na salfet su suka fi ɗaukar hankalina. Ido bai ga komai ba, a sikeli ma nauyi suka ɗan ƙara. Na so in yi murna, sai na tuna yadda salfet ke aiki: haɗuwa yake da sinadarin aluminet na siminti, ya haifi wani ma'adini mai suna etiringait, wanda ke cika ƙofofin tukuna, sannan ya kumbura ya tsaga bulon daga ciki. Shi ya sa ake rage aluminet a simintin da aka yi don jure salfet. Wannan gwaji na watanni ne.

Kuskurena ɗaya: na bar khal ɗin mako uku ban canja ba, siminti ya kashe masa kaifi. Yanzu duk mako nake sabunta shi, da safar hannu. Na kuma fara auna tsawon bulullukan salfet, tunda kumburin a nan zai fara bayyana.