Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kalangun Baba a Kunnen Baƙi

A makon jiya mun tsaya ne a inda aka rufe situdiyon da nake aiki a Zoo Road, na tattara komatsaina na bar Kano na koma Funtua, kafin a hana zirga-zirga tsakanin jihohi a watan Afrilun 2020. Wanda ya ga wannan lokaci ba sai an ba shi labari ba. Babu biki, babu suna na taro, babu fagen dambe. Kalangun Baba na rataye a ƙusa, shi kuma yana zaune a zaure da rediyo yana jin adadin masu korona.

Cikin azumi wani abokin aikina ya turo mini sanarwar wata gasar kiɗa da ake yi ta intanet. Sharaɗinta ne ya ja hankalina: kayan bugawa zalla. Ba murya, ba fiyano, ba jita, ba sarewa. Kuma ba alƙalai aka ajiye su yanke hukunci ba. Duk wanda ya saka nasa kiɗan dole ya saurari na wasu 'yan takara, ya rubuta abin da ya ji, ya ba su maki, in ba haka ba a cire nasa. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, makirfo ne da lasifikar kunne. Amma ni da nake zaman kashe wando, ko buhun gawayi aka saka zan shiga.

Da farko na yi niyyar haɗa abin a kwamfuta, yadda muka saba a situdiyo: a ɗauko sautin ganga daga cikin fiyano, a jera shi a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, a gama cikin dare ɗaya. Sai na ɗaga kai na ga kalangu a bango.

Shawo kan Baba ya fi kiɗan wuya. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa faɗin sunana ba, "kai" kawai yake cewa.

"Kai, kiɗa babu fage? Wa zan kalla?"

Na ce, "Baba, mutanen duniya ne za su ji, har ƙasar Turawa."

Ya ce, "Su sun san wanda ake wa?"

Ban ba shi amsa ba, na dai samu Baffa, ƙanensa mai kuntuku, ya sa baki. Aka ce sai bayan salla, don gidanmu ba a taɓa kalangu da azumi. Kafin sallar ta wuce ruwa ya fara sauka, fata ta sha sanyi ta saki. Sai da muka shanya kalangan a rana da hantsi, Baba yana ƙwanƙwasa su da yatsa lokaci-lokaci yana kasa kunne, har ya ce sun dawo hayyacinsu. Muka shiga ɗakin Inna saboda shi ne mai rufin azara, na jingina katifa a bango, na toshe taga da bargo, na ɗora waya a kan turmi. Baba da uwar kalangu, ni da ƙarami ina karɓa masa, Baffa yana riƙe da tsayuwar kiɗan da kuntuku. Baba ya rufe ido, ya zaɓi take da kansa bai tambayi kowa ba. Taken wani ɗan damben garinmu ne da ya rasu tun ina firamare. Na ga Baffa ya ɗago ya dube shi, sannan ya sunkuyar da kai ya bi.

Na saka kiɗan, ra'ayoyi suka fara shigowa.

Rabinsu ba abin da za ka ɗauka. "Ya yi kyau, ka duba nawa." Wannan cinikin maki ne, ba sauraro ba, kuma ko a Zoo Road muna da irinsu. Na farkon da ya zauna ya saurara da gaske wani ne daga Jamus, kuma bai zo da wasa ba. Ya ce sautin ya fashe a duk inda babbar gangar ta yi ƙarfi, ya faɗi daidai minti da daƙiƙar da abin ya faru. Na buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, na duba, ga shi nan kuwa: kawunan igiyar sautin a yanke, a shafe kamar an bi su da aska. Waya tana da iyakar ƙarar da za ta iya ɗauka, in aka wuce iyakar sai ta datse abin da ya haura, kuma ba ya dawowa ko me za ka yi masa daga baya. Ya ƙara da cewa wayar tana rage wa kanta ji duk lokacin da aka buga da ƙarfi, shi ya sa kuntukun yake ɓacewa ya dawo, ya ɓace ya dawo. Na kira Ogana na situdiyo na karanta masa. Ya ce, "Mutumin nan ya san aiki. Ka janye wayar kamu huɗu daga bakin kalangu, ka nemi manhajar da za ka saita ƙarfin ɗauka da hannunka, ka ajiye a WAV, irin fayil ɗin da ba ya matse sauti. Kuma kada ka kuskura ka tura wa kanka ta muryar WhatsApp, matse shi take yi." A sakin layi ɗaya baƙon nan ya ba ni abin da na yi shekaru ina gani a situdiyo ba wanda ya tsaya ya yi mini bayaninsa.

Sai kuma ya zo kan kiɗan kansa, nan ne muka raba hanya. Ya auna, ya ce mun fara a wajen bugu 110 a minti, mun ƙare mun haura 130. A ganinsa wannan rashin riƙe lokaci ne, ya ba da shawara mu sa na'urar ƙirga lokaci a kunne, ko in ja kowane bugu in zaunar da shi a kan layi a kwamfuta. Wasu da yawa suka bi bayansa da wannan magana, suka rage mana maki a kanta.

Ban ga laifinsu ba, amma ba su da gaskiya. Kiɗan dambe ba agogo yake bi ba, mutum yake bi. Ana fara shi ne ɗan dambe yana zaune ana ɗaure masa hannu. Makaɗi ya matso, ya saki takensa a hankali, yana tuna masa ubangidansa da waɗanda ya kashe, wato ya kayar, a fage. Jikinsa ya fara tsuma, ya miƙe, ya ɗaga hannu yana kirari, kiɗan ya ƙara wuta domin shi ya ƙara wuta. In ka riƙe shi a gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ɗan damben zai gama ɗaurin hannunsa ya koma ya zauna. A ɗakin Inna babu kowa sai mu uku da turmi, amma Baba da ya rufe ido yana ganin mutumin, kuma saurin da Bajamushen ya auna shi ne tashin mamacin daga zaune zuwa tsakiyar fage. Na yi ƙoƙarin rubuta wannan da ɗan Turancina. Ya amsa da ladabi, ya ce ya fahimta, amma bai ƙara makin ba.

Rigimar gaske ta zo daga wani wajen. Wani ɗan takara ya kai ƙara wurin masu gasar cewa mun karya doka. Ya ce akwai waƙa a cikin kiɗanmu, sauti yana hawa yana sauka, ke nan ko dai na saka wani abu mai tsirkiya a ɓoye, ko na lanƙwasa sautin da kwamfuta. Aka ɗaga kiɗanmu gefe, aka ce in kawo hujja.

Kafin in gama huci, wani ɗan Indiya mai buga tabla ya riga ni. Ya ce shi ma babbar tablarsa ta hagu tana canza murya idan ya danna fatar da tushen tafin hannu ya zame, kuma ba wanda ya taɓa cewa tabla ba ganga ba ce. Ya kawo tama ta Senegal da gangan ta Yarabawa, ya ce duk dangi ɗaya ne da abin da yake ji. Ni kuma na roƙi Baba ya tsaya a tsakar gida na ɗauki bidiyo kusa-kusa: kango mai siririn ƙugu a hammata, tsarkiya ta haɗa fatar gaba da ta baya, ya matse da damtse murya ta tashi, ya saki ta faɗo, sandar kiɗa tana sauka a tsakani. Har jijiyar hannunsa ana gani. Da yamma aka mayar da kiɗanmu, wanda ya kai ƙarar ya rubuto ya ba da haƙuri. Bidiyon ya fi kiɗan samun masu kallo, abin da ya ɗan ba ni haushi.

To, ni ma fa an ɗora mini nawa nauyin, sai na saurari na wasu na faɗi ra'ayi. A nan na gane abin ba sauƙi. Wata mata daga Brazil ta saka samba: surdo, babbar gangarsu, yana dukan ƙirji daga ƙasa, ga wani faifai mai ƙaraurawa da suke kira pandeiro, wanda da na ji shi sai da na tuna bandirin 'yan Ƙadiriyya ranar Maukibi a Kano. Akwai wata 'yar jinkiri a bugunsu, ba ya sauka inda kunnena yake jira. Hannuna ya kai kan rubuta cewa sun kauce, sai na tsaya. Ban san wa suke wa kiɗan ba, ban taɓa ganin ƙafar mai rawarsa ba. Na rubuta abin da nake da iko a kai: cewa surdo ya danne ƙananan kayan a tsakiya, sannan na tambaye ta ko jinkirin da gangan ne. Ta amsa da dogon bayani, ta ce wannan jinkirin shi ne samba, in aka daidaita shi ya mutu.

Mafi yawan sauran kuwa a kwamfuta aka haɗa su, da sautin irin na'urar nan ta Roland TR-808 da ta fito tun 1980 kuma har yau ba a gaji da ita ba. Tsaf-tsaf, ba fashewa, ba kuskure. Wasu sun burge ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Akwai wani yaro da ya yi nasa da cokula da murfin tukunya da ƙofar firij, na ba shi maki mai yawa. Wata rana da daddare na sa wa Baba lasifika a kunne, na kunna masa wanda ke kan gaba a maki. Ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa babban yatsan ƙafa. Ya cire ya miƙo mini.

"Hannunsa na da tsabta. Wa yake kira?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Kiɗa ne kawai."

Ya ce, "To," ya jawo rediyonsa.

Ana saura kaɗan a rufe ba da maki sai ga saƙon wani daga Tamale ta ƙasar Gana. Ya ce shi Badagombe ne, gidansu gidan lunsi ne, masu buga lunga, ganga irin kalangu, waɗanda ke riƙe da tarihin sarakunan Dagbon a bakin ganga. Ya iya Hausa irin ta zango, da ita ya rubuto. Bai ce komai a kan fashewar sauti ba, bai ce komai a kan gudu ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ban ji abin da gangar take faɗi ba, don ba harshena take yi ba, amma na ji suna take kira. Sau uku tsohon ya kira, ya bar wuri a amsa, ba a amsa ba. A na ukun hannunsa ya yi nauyi. Mai sunan yana raye kuwa?"

Na koma na saurara. Ni da na riƙe ƙaramin kalangu a ɗakin, ban lura da guraben nan ba, na ɗauka numfashi Baba yake yi. Wani ɗan takara ma ya ce in yanke su, wai shiru ne da ba shi da aiki. A fage, nan ne ɗan damben yake ɗaga hannu ya yi kururuwa.

Na karanta wa Baba saƙon. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in tambayi mutumin sunan mahaifinsa da na kakansa, in kuma gaya masa makaɗin Funtua yana gaishe da gidansu. Baffa da ke gefe ya ce, "Yaya, na faɗa a raina tun ranar. Wannan take ba a taɓa shi ba tun da aka binne mai shi."

Sakamako ya fito, ba mu shiga ukun farko ba, muna can tsakiya. Makirfon ya tafi wurin mai hannu da tsabta. Sai dai bidiyon tsakar gida ya riga ya fita daga hannuna. Wani ya ɗauke shi ya saka a Facebook, ya haɗa da kiɗan, daga nan ya shiga wayoyin mahautan kasuwa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yaro ya shigo ya ce ana sallama da Baba a waje. Na leƙa ta zaure. Babban ɗan marigayin ne, da ƙannensa biyu, da Sarkin Fawa a gaba, kuma ba wanda ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa musu.

Abin da suka zo da shi, da yadda aka kwashe, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.