Layi biyu da suka share mini aikin kwana uku

Wani Alhaji mai fataucin albasa ne ya ba ni aikin haɗa masa ƴar manhajar lissafi: buhu nawa aka ɗauko daga Galmi, nawa aka loda wa mota zuwa Kwatano ko Abijan, wa ya biya, wa ake bi bashi. Lokacin Afrilu ne, kuma duk wanda ya san Tawa ya san kwamfuta ma ba ta son aikin rana a wannan wata. Sai bayan isha'i nake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗora shayi, in fara.

Da Make nake haɗa aikina. Tsohon kayan aiki ne, Stuart Feldman ya rubuta shi a Bell Labs a 1976, amma har yau ban ga dalilin rabuwa da shi ba. Kana rubuta umarni cikin wani fayil da ake kira Makefile, ka ba su suna, idan ka kira sunan sai ya zartar. A wannan dare na so in ƙara umarnin share tarkacen da ke taruwa a foldar da na sa wa suna gini, folda ɗin nan da mu nan muke ce wa dosiye. Na rubuta `cd gini`, wato shiga dosiyen gini, a layi ɗaya, na rubuta `rm -rf *`, wato share duk abin da ke inda kake, a layin ƙasa. Na kira shi, ya gama shiru ba ƙorafi. Da na duba, dosiyen aikin gaba ɗaya ya zama fili, har Makefile ɗin kansa babu shi.

Na daɗe zaune hannu bisa gwiwa, shayi ya huce. Abin da ya cece ni shi ne alamar tauraro ba ta kama sunayen da suka fara da ɗigo, don haka `.git` na nan, wato dosiyen da Git, manhajar adana tarihin aiki, ke ajiye abin da aka ba shi. Amma kwana uku rabona da in adana komi a Git, kuma a cikinsu ne na rubuta sashen bashi, wanda ya fi ba ni wuya.

Na so a ce wani ya zaunar da ni tun farko ya gaya mini cewa Make na buɗe sabon shel, wato manhajar da ke zartar da umarni, ga kowane layi. Kamar ka aiki yaro ka ce ya shiga ɗakin ajiya, ya shiga, ya fito, ya tafi gidansu. Sannan ka kira wani yaron, wanda bai ji maganar farko ba, ka ce ya kwashe duk abin da ke gabansa ya zubar, alhali a tsakar gida yake tsaye. Na biyun bai saɓa ba, abin da aka ce masa ya yi. Gyaran ƙarami ne, a haɗa su a layi guda: `cd gini && rm -rf *`. Alamar `&&` na nufin kada a taɓa umarni na biyu sai na farko ya yi nasara. Yanzu ma ba na shiga dosiyen, `rm -rf gini` nake rubutawa, sunan abin da za a share yana gaban idona.

Wani abokin aiki a Yamai ya ce in sa `.ONESHELL`, wanda ya shigo GNU Make 3.82 a 2010, don duk layukan su gudana cikin shel ɗaya. Na gwada, hankalina bai kwanta ba. Da shi, sakamakon umarni na ƙarshe kawai Make ke dubawa, in ba ka ƙara `-e` a `.SHELLFLAGS` ba. Ke nan idan `cd` ya kasa, sharar za ta ci gaba. Ga kuma Make 3.81 da ke zuwa da kwamfutar Mac bai san wannan umarni ba sam.

Abin da na tsaya a kai shi ne duk aikin da ya wuce layi biyu ko uku, fitar da shi nake yi zuwa fayil nasa, misali `gina.sh`, Make kuwa kiransa kawai yake yi. A can ba sai na ninka alamar dala ta zama `$$` ba, ba sai na ɗaure layuka da sandar karkace (`\`) ba, kamar yadda ake yi cikin Makefile. A sama ina sa `#!/bin/bash` don shel ɗin bash ya gudanar da shi, domin Make `/bin/sh` yake kira in ba a ce masa komi ba, wanda a tsarin Ubuntu wani shel ne mai suna dash, kuma akwai rubutun bash da dash ba ya ganewa. Ƙarƙashinsa `set -euo pipefail`, don ya tsaya cak a kuskuren farko.

Ɗan ƴar'uwata da ke karatu a jami'ar Tawa ya fara zama kusa da ni da dare yana koyo. Ran nan ya juyo da kwamfutarsa ya ce, "Kawu, na kwafi naka harafi da harafi, amma sai ce mini yake yi `missing separator`." Na sa yatsa a farkon layinsa na ce, "Ɗana, nan fa? Tazara ka buga ko Tab?" Tazara huɗu ya buga. A ido iri ɗaya ne, amma Make Tab yake nema, tun zamanin Feldman. Ya gyara, ya miƙa hannu zai kira umarnin sharewa, sai na riƙe masa hannu na ce ya fara da `make -n`, wanda ke nuna abin da za a zartar ba tare da an zartar ba. Ya karanta layukan a bayyane ɗaya bayan ɗaya, na ce to bismilla.

Sashen bashin kuwa na sake rubuta shi cikin dare biyu. Na kai wa Alhaji manhajarsa ranar Lahadi, na makara da kwana huɗu, na kuma faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye gaba," sannan ya jawo littafinsa muka fara shigar da buhunan makon.