Abinda na koya a kicin ranar da Fernando ya mutu

Ni dai gaskiya har yanzu ban gama gane wasan besbol ba, duk da na kwana biyu a Los Angeles. Na san akwai mai jifa akwai mai riƙe da kulki yana duka, na san in ka daki ƙwallo ta fice fili ka ci riba, iyakar ilimina kenan. Amma wannan wasan ne ya koya min wani abu game da zama da abokan aiki wanda duk ajin da na shiga ba a koya min ba, kuma sai da na yi katoɓara tukunna na koya.

Lokacin ina karatu ne ina kuma ɗan yin aiki a kicin ɗin makaranta, 'yan awoyi a sati, wankin tukwane, yankan albasa, goge ƙasa, duk abinda aka sa ka. Yawancin ma'aikatan dindindin na wurin 'yan Meziko ne ko 'ya'yansu, akwai wani dattijo a cikinsu da zai kai shekara sittin da wani abu, shi ne ke kan suya, ya fi kowa daɗewa. Yana da wata 'yar rediyo a kan kanta saman wurin wanke-wanke, duk maiƙo ya mayar da ita ruwan ƙasa, eriyarta ta karye ya naɗe da takardar gwangwani, murfin batir ɗin ma da roba ya ɗaure shi. In dai lokacin wasa ne to wannan rediyon a kunne take, da Sifaniyanci, mutum biyu ko uku suna ta surutu, wani lokacin ɗaya ya ɗaga murya sai dattijon ya buga cokalin suya a bakin kasko. Ni kuma a kunnena hayaniya ce kawai. Akwai ranar da jarabawa ta matso kaina ya yi zafi na miƙa hannu na rage muryar ban ko tambaye shi ba, bai ce min komai ba, ya bari na juya baya ya mayar da ita yadda take.

Ranar Laraba 23 ga Oktoba 2024 na shigo da safe sai na tarar kicin ɗin shiru, ba wasa ba dariya, rediyon na kunne amma ba irin muryar da na saba ji ba, magana ake a hankali ana sa kiɗa a tsakani. Dattijon ya makara wanda bai taɓa yi ba, da ya shigo idanunsa jajir, ga wata tsohuwar riga mai lamba 34 a baya ya sa ta ƙarƙashin rigar aiki. Na ce masa lafiya? Ya ce Fernando ya mutu jiya da dare. Na ce ayya, ɗan uwanka ne? Ya girgiza kai. Abokinka? Ya ce bai taɓa gaisawa da shi ba ma. Sai bakina ya riga tunanina, na ce au, ai ni na ɗauka wani naku ne. Na juya na ci gaba da yankan albasa.

Wallahi har yau in na tuna wannan maganar sai na ji nauyi. Ba wanda ya tanka, amma ka san irin shirun da zaka ji a jikinka cewa ka taka wani abu. Sai can wata mata da ke kan biredi, wadda ta girme ni sosai, ta zo kusa da ni ta ce a hankali, ɗana, namu ne ai. Shi ke nan abinda ta faɗa.

Da aka tafi hutun rabin awa na same shi a bayan kicin zaune kan bokitin mai da aka kifa, na ce Baba ka yi haƙuri, ban sani ba ne, ka gaya min waye shi. Dama Baba nake ce masa tun farko, ya tambaye ni ma'anar na faɗa masa, ya ji daɗi. To a nan ne ya buɗe min labarin, Turancinsa a karye nawa ma ba irin nasu ba, amma mun fahimci juna.

Fernando Valenzuela ɗan wani ƙauye ne a jihar Sonora ta Meziko, Etchohuaquila sunan ƙauyen, auta a cikin 'ya'ya 12, iyayensa manoma. An haife shi 1 ga Nuwamba 1960. Ƙungiyar besbol ta Dodgers da ke Los Angeles ta ɗauko shi yana yaro, a 1981 ranar buɗe kaka wanda ya kamata ya yi jifa, Jerry Reuss, ya ji rauni, sai aka tura wannan yaron ɗan shekara 20, ya hana 'yan Houston cin ko maki ɗaya, aka tashi 2 da nema. Daga nan ya jera wasa 8 duk nasara, a 5 daga ciki ba a ci shi komai ba. Gari ya rikice har aka sa wa abin suna Fernandomania. A shekarar ya haɗa kyautar gwarzon sabon ɗan wasa da kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, ba wanda ya taɓa haɗa su a kaka ɗaya kafin shi kuma ba wanda ya sake, suka kuma doke Yankees a gasar ƙarshe da suke kira World Series. Har fadar White House aka gayyace shi cin abinci lokacin da shugaban Meziko ya ziyarci Reagan.

Amma Baba ba lissafin nan ne ya dame shi ba, wannan ni ne na bi na karanta daga baya. Abinda ya ce min shi ne, shi da Fernando sa'anni ne. A 1981 shi ma yana da kusan ashirin, bai daɗe da tsallakowa daga Meziko ba, yana wankin kwanuka a wani gidan abinci, ba Turanci, in ya shiga bas sunkuyar da kai yake. Sai ga yaro mai kama da shi, gajeren wuya, ɗan tumbi, suma buzu-buzu, shi ma ba Turanci sai an yi masa tafinta, amma duk Amurka ta tsaya tana kallonsa. Ya tashi daga kan bokitin ya gwada min yadda yake jifa, ya ɗaga ƙafa, ya juya idanunsa sama kamar mai kallon gajimare kafin ya saki ƙwallo, dattijo da rigar aiki mai tabon mai yana wannan a bayan kicin hawaye na zuba. Ya ce ranar da Fernando zai yi jifa har mai gidan abincin, Bature, yakan shigo kicin ya tambaye su me rediyo ke cewa, a rayuwarsa wannan ne karon farko da aka nemi wani abu a wurinsa saboda yarensa.

Akwai kuma wani tsohon miki da ban sani ba. Wurin da filin Dodgers yake, Chavez Ravine, unguwannin 'yan asalin Meziko ne a da, aka tashe su a shekarun 1950, na ƙarshe a 1959 da ƙarfi aka fitar da su, aka buɗe filin a 1962. Baba ya ce tsofaffin da ya tarar a unguwarsu da yawa sun rantse ƙafarsu ba zata taka filin ba. Fernando ne ya sa 'ya'yansu da jikokinsu suka fara cika wurin, wasu tsofaffin dai har suka mutu basu je ba, kuma ni ban ga laifinsu ba.

Sai kuma rediyon. Nan ne abin ya fi shiga raina. Ƙungiyar ta sallami Fernando a farkon 1991, ko shekara guda ba a cika ba bayan wasan da ya yi a Yuni 1990 da St. Louis wanda ba wanda ya iya samun duka mai kyau ko ɗaya a kansa, ya zaga wasu ƙungiyoyi, ya daɗe yana nesa-nesa da su, sai a 2003 ya dawo a matsayin mai sharhin wasa a rediyo da Sifaniyanci. Ya zauna kusa da Jaime Jarrín, mutumin Ekwado wanda ya yi wannan aikin tun 1959 har 2022, wanda kuma shi ne ya yi masa tafinta a 1981. Ka duba fa, mutumin da dubban mutane ke ihun sunansa ya koma ɗan ƙaramin ɗaki da lasifika, ba shi ne babbar murya ba, wani ne ke ba da labarin wasa shi yana ɗan sa baki, kuma ya riƙe wannan sama da shekara ashirin har rashin lafiya ta ɗauke shi daga aiki a ƙarshen kakar 2024. Baba ya ce ba mai yawan magana ba ne, sai ya yi shiru ya yi shiru sannan ya jefo kalma ɗaya mai ban dariya ko ya faɗi abinda mai jifa zai yi kafin ya yi. To ashe muryar da na miƙa hannu na rage ran nan, ɗaya daga cikinsu tasa ce.

Abin kunyar shi ne ni ne ya fi kamata in gane wannan tun farko. Na tashi a gidan da babanmu in ya dawo daga sallar asuba rediyo yake ɗauka kafin ma a kawo koko, ya ji BBC, ya murɗa ya ji Jamus, ya ji Muryar Amurka, ya san ma'aikatan da muryoyinsu kamar 'yan unguwarmu, in ɗaya ya kwana biyu ba a ji shi ba sai ya ce wane ko lafiya. Bai taɓa ganin ko ɗayansu ba. In aka ce wani a cikinsu ya rasu a majalisarsu ta ƙofar gida har addu'a ake yi ana Allah ya jiƙansa, kuma ba wanda ke tambayar ɗan uwanka ne. Haka lokacin da Rashidi Yekini ya mutu a 2012, na ga manyan mutane sun yi jugum suna tuna ƙwallon da ya ci Bulgariya a 1994 ya riƙe raga yana kuka, a nan Amurka ma aka yi wannan. Duk na san wannan, amma da yake abin ya zo da wani yare da wani wasan da ban iya ba sai na kasa gane shi. A gida in ka tarar ana makoki ai ba ka tsayawa binciken dangantaka, ka fara cewa ya haƙuri, Allah ya ba ku haƙuri, sauran bayani ya biyo baya. Na tsallako teku na bar wannan tarbiyyar a gida, ina ganin wurin aiki ba ruwansa da ita, ka zo ka yi awoyinka ka tafi.

Washegari bayan an tashi ya ce in raka shi, muka hau motarsa zuwa ƙofar filin, wajen titin da aka sa wa sunan Vin Scully, wani mai sharhin nasu na Turanci da ya mutu a 2022. Tun daga nesa ka fara ganin furanni, ga kyandirori masu hoton waliyyansu a jiki, tutocin Meziko, huluna, ƙwallaye da aka yi rubutu a kai, riguna masu lamba 34 an rataye, lambar da ƙungiyar ta jingine a Agusta 2023 ba wanda zai ƙara sawa. Na ga wani mutum ya ɗora jikansa a wuya yana nuna masa hoto yana masa bayani, na ga wata tsohuwa a keken guragu an turo ta, ta miƙa fure aka ajiye mata. Ni ban kunna kyandir ba, ba al'adata ba ce ba kuma addinina ba, kuma Baba bai nemi in yi ba, na dai tsaya a gefensa hannuna a kafaɗarsa har ya gama abinda yake. A hanyar dawowa ya ce a cikin duk ɗaliban da suka wuce ta kicin ɗin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa labarin kansa. Shekaru nawa yana soya musu ƙwai.

Abin mamaki kwana uku bayan mutuwar aka fara World Series, kuma Dodgers da Yankees ne, kamar dai 1981. 'Yan wasan suka fito da lamba 34 a manne a rigunansu. Wasan farko Freddie Freeman ya daki wata ƙwallo a ƙarshe da ta kawo maki huɗu lokaci guda ta gama wasan, washegari Baba ya ba ni labarinta ya fi sau biyar, duk sau biyar ɗin na tsaya na ji. Ranar 30 ga Oktoba suka ɗauki kofin a New York, a wasa na biyar, aka sa ranar zagayen gari Juma'a 1 ga Nuwamba, ranar da Fernando zai cika 64.

Baba yana da aiki ranar, safe zuwa rana, kuma na san ba zai iya buɗe baki ya roƙi shugabar kicin ba, irin mutanen nan ne da basu taɓa neman hutu. Ni na je na same ta na ce zan riƙe masa kasko in dai zata bar ni in fita da wuri in samu Juma'a, ta ɗan yi jim ta ce to amma kar in ƙona mata naman safe. Da na gaya masa sai ya kama hannuna da hannu biyu bai ce komai ba, ya ciro batir guda biyu daga aljihu ya ba ni ya ce na cikin rediyon sun kusa ƙarewa. Ranar ni kaɗai a kan suya, na kwance robar na canza batir ɗin na ƙara murya, ana ta ihu daga tsakiyar gari, cikin maganar da ake kalma biyu uku kawai nake kamawa, Fernando, El Toro wato laƙabinsa, sai kuma na ji taron mutane sun ɗauki waƙar zagayowar ranar haihuwa, matar da ke kan biredi ta ajiye tire ta tsaya tana ji, ni kuma na rage wutar kasko don ƙarar mai kar ta hana ta.