Kuɗin koyon tuƙin jirgin sama ba ya ƙarewa ranar karɓar lasisi

Tun da aka fara jigilar alhazai daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, musamman bayan da jirgin farko na aikin Hajjin 2024 ya tashi daga nan Birnin Kebbi, yaran da ke burin zama matuƙa jirgin sama suka ƙaru a makarantar da nake koyarwa. Iyayensu kuma tambaya ɗaya suke yi mini, wato nawa ne kuɗin karatun. A ganina wannan tambaya ce ke jefa gidaje da yawa cikin asara, domin kuɗin makaranta kashi ɗaya ne kawai na abin da za a kashe kafin yaro ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi a jirgin fasinja.

Matakin farko ba na kuɗi ba ne, na lafiya ne. Duk mai son tuƙa jirgin haya sai ya samu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi, inda ake gwada ido da kunne da zuciya, har da iya bambance launuka. Wani uba ya taɓa zuwa wurina yana shirin sayar da fadamarsa ta shinkafa a Argungu domin ɗansa, sai na ce masa, "Alhaji, kafin ka kira dillali, ka fara kai yaron nan wurin likita." Gwajin ba shi da tsada idan aka kwatanta da abin da ke tafe, amma shi ne ke yanke hukunci ko za a fara tafiyar ma.

Lasisin kansa hawa-hawa ne. Akwai na tuƙi don kai, wanda ƙa'idar duniya ta sanya masa aƙalla sa'o'i 40 a sama. Akwai na tuƙin haya, wanda ke buƙatar sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita, sannan a haɗa masa da shaidar tuƙi da na'urori kaɗai a cikin gajimare da ta jirgi mai inji biyu. Na ƙoli, wanda sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja, yana buƙatar sa'o'i 1,500 da kuma mutum ya kai shekara 21 da haihuwa. Kowace sa'a kuwa kuɗi ce, domin mai da kayan gyara da inshora duk farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 lissafin da iyaye suka yi a baya ya rushe.

A cikin gida, hanyar da aka fi sani ita ce Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sai kuma kwalejin Ilori da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. Amfaninsu shi ne ana biya da naira, yaro kuma yana kusa da gida, sai dai hazon hunturu kan hana masu koyo tashi na kwanaki, don haka kwas yana iya ɗaukar lokaci fiye da yadda aka tsara. Masu hali kan tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu ko Amurka, inda jirage suka fi yawa kuma ake gamawa da wuri, amma wanda ya dawo da lasisin waje sai ya sake bin matakan NCAA kafin a ba shi na Najeriya. Hanyar soja, ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna zuwa rundunar sojan sama, ita ce ba ta cin kuɗin iyaye. Amma wanda ya bi ta hafsa ne kafin komai, ba kowa ake zaɓa ya tuƙa ba, kuma zai yi wa ƙasa aiki shekaru kafin ya yi tunanin jirgin haya.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an karɓi lasisin haya. Yaron da ya koyi tuƙi a ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu ba zai taɓa Boeing 737 ba sai ya samu shaidar ƙwarewa a kan wannan nau'in jirgin, horon da ake yi a na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma kuɗinsa dubban daloli ne na daban. Ko ya samu, kamfanoni sun fi son wanda ya tara sa'o'i, shi kuwa ba zai tara ba sai an ɗauke shi aiki. Yana zaune a gida takardar lafiyarsa tana ƙarewa, hannunsa yana sanyi, sabuntawa kuma wani kuɗin ne. Gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan a 2013 domin koyon tuƙi, abin yabo ƙwarai, amma da dama cikinsu sun daɗe suna jiran wannan mataki na biyu bayan dawowarsu.

Saboda haka, idan gwamnatin Kebbi ko wani mai hannu da shuni zai ɗauki nauyin yara, gara ya ɗauki biyar ya kai su har cikin jirgi da ya ɗauki hamsin ya tsaya a lasisi. Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne wanda kamfani ke biyan kuɗin horon, matuƙi ya sa hannu cewa zai yi masa aiki na wasu shekaru ko a riƙa cirewa daga albashinsa, ko da yake irin wannan gurbi kaɗan ne, kuma dole a karanta abin da za a biya idan an bar aikin kafin wa'adi. Iyayen da za su biya daga aljihunsu kuwa, kada su zuba wa makaranta kuɗin gaba ɗaya. Su biya mataki-mataki, su nemi a rubuta musu farashin kowace ƙarin sa'a idan yaro ya maimaita darasi, su kuma tambayi jirage nawa ne ke tashi a makarantar a yanzu da ɗalibai nawa ke layi a kansu.