Kafin Ka Tambayi Ma'aji Ina Kuɗi

Yaron da ya koyi yanka da ɗinki a hannuna ya fito takarar shugabancin ƙungiyarmu ta teloli a nan Garwa, ƙasar Kamaru. Ba daga bakinsa na ji ba. Jikata ce ta miƙo mini waya, na ga hotonsa cikin shadda mai aiki har ciki, an rubuta a ƙasa wai lokacin matasa ya yi. Hoton bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne saƙon murya da ya tura zauren WhatsApp na ƙungiya, yana tambayar inda kuɗin asusu suka shiga, yana jan maganar yadda ko kurma zai gane ma'aji yake nufi. Da irin wannan magana ni ma na ci zaɓe, kuma har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Zare, allura, man keke, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Ma'aikatan gwamnati kuma da ma an zaftare musu albashi a 1993, sai suka koma gwanjo. Mutum zai kawo yadi a yi masa kaftani, ya bar maka shi a rataye har ƙura ta canza masa launi. Ƙungiyarmu a lokacin ba ta daɗe da samun takarda ba, don dokar kafa ƙungiyoyi ta Disamban 1990 ce ta sauƙaƙa abin: ku rubuta tsarin mulkinku, ku kai shi ofishin perefe, wato babban jami'in gwamnati na yanki, tare da sunayen shugabanni. Dattawa ne suka riƙe komai, kuma aikinsu bai wuce tara kuɗin wata da zuwa gaisuwar mutuwa ba. Ni kuwa jinina yana tafasa, ina da keke uku da yara, na ɗan iya Faransanci, sai na ga ai ni ne maganin abin.

Na bi shaguna daga unguwar Hausare zuwa Fulɓere, na shiga Yelwa da Lopere, ina raba goro ina sayen shayi. Alkawari kuwa ban bar ko ɗaya a ƙasa ba. Na ce kwangilar kayan makaranta ta watan Satumba tamu ce, haka kayan faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu da na ranar ƙasa ta 20 ga Mayu. Na ce za mu riƙa saro zare daga Kano mu raba a farashin sari. Har na ce zan sa a rage mana haraji, sai ka ce ni ke riƙe da ma'aikatar kuɗi a Yawunde. A nan zan ɗan kare kaina: ban ɗauki waɗannan a matsayin ƙarya ba, na yarda da su fiye da masu saurarona. Amma goron da shayin da kuɗin mutane na saya, adibas ɗin ɗinkin sallah da aka ba ni amana. A ranar jajibere akwai magidancin da ya tsaya a ƙofar shagona da 'ya'yansa, yadinsu ko yankawa ban yi ba. Bai zage ni ba. Ya karɓi yadinsa ya tafi, kuma bai sake dawowa ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban abin ya faru ne a taron ƙarshe kafin zaɓe. Ma'ajinmu dattijo ne, a kekensa maigidana ya koyi ɗinki, wato kakana ne a sana'a. Wasu sun raɗa mini cewa abin da ke cikin asusu bai kai abin da aka tara ba. Ban je gidansa ba, ban nemi ganin komai ba. Na miƙe a gaban jama'a na ce, "Baba, ina kuɗinmu?" Wurin ya ɗauki tafi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, littafi yana nan." Bai ƙara ko kalma ba. Na ɗauki shirunsa a matsayin rashin gaskiya, jama'a ma haka, na ci zaɓe da rata mai yawa.

Da aka miƙa mini littafin, da ajami ya rubuta shi, sai na tarar kuɗin da suka ɓata bashi ne. Wane an kwantar da matarsa a asibiti, wane mai gida ya kore shi daga shago, wane ba shi da kuɗin likkafanin uwarsa. Ya ranta musu a asirce, ya rubuta suna da rana. A ciki har da sunayen waɗanda suka fi kowa yi mini tafi, har da sunan maigidana. Dattijon nan ya zaɓi a kira shi ɓarawo da ya tona asirin mutane a bainar jama'a.

To, amma ku tsaya. Kuɗin ba nasa ba ne. Babu taron da ya ba shi izinin rantawa, kuma mata masu ɗinki, waɗanda ba sa fashin biyan kuɗin wata, ko ɗaya ban ga sunanta a cikin masu cin bashin ba. Abokan zamansa kawai suka san da wannan ƙofa. Saboda haka tambayata tana kan hanya, har gobe ina faɗa. Sai dai da na gano gaskiya ban koma gaban taron na wanke shi ba. Na ce wa kaina idan na yi magana zan tona waɗanda ya rufa wa asiri. Hujja ce mai kyau, shi ya sa na riƙe ta shekara da shekaru. Gaskiyar ita ce kunya ta hana ni, da tsoron a ce kujerar da nake kai da ƙazafi na same ta. Ya rasu muna gaisawa sama-sama. 'Ya'yansa suna nan a sana'ar, layinmu ɗaya a kasuwa, kuma har yau idan allurarsu ta karye sun gwammace su aika yaro nesa da su ara a wurina.

Mulkin nawa ba sai na ja shi ba. Kwangila ta tafi wurin masu takardun kamfani da lambar haraji, mu ba mu da ko ɗaya. Zaren da muka saro aka kwashe bashi. Kafin wa'adina ya cika, shagon wani ɗan ƙungiya ya ƙone, na sa aka ɗebi kuɗin asusu aka ba shi cikin dare ba tare da taro ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, ku matasa, amma da na duba, waɗanda na yarda da su kaɗan ne. Ku ma ba lallai ku karanta har nan ba, tunda abin da ya wuce minti ɗaya a waya ya yi muku tsawo.

Kada ka ambaci kuɗi a gaban taro sai ka ga littafi da idonka. Ka ɗauki dattijo ɗaya, ka je gidan ma'aji bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka nemi gani. Magana zarar bunu ce, mu da muka yi tamu a ɗaki ɗaya ma ba ta koma ba, balle ku da kuke naɗar ta a waya tana yawo har Marwa da Ngaundere. Idan kuwa ya hana ka littafin, to ka fasa ƙwai a taron, ni zan fara mara maka baya. Na san yanzu na ce a yi shiru. Ba shiru nake nufi ba, ko kuma shi nake nufi, amma ba na har abada ba.

Masu danna maka alamar so a Facebook ba su da ƙuri'a. Wanda ya biya kuɗin wata shi ke zaɓe, haka yake a tsarin mulkinmu, wanda na tabbata ba ka taɓa buɗewa ba. Ka nemi jerin sunayen, za ka ga mata sun cika shi, waɗanda ɗinkin atamfar ranar mata ta 8 ga Maris kaɗai yake hana su barci mako guda. Za ka ga Tupuri da Mundang da Fali, waɗanda sai ka yi musu Fulatanci ko Faransanci. Ni na riƙa cewa "namu" a zaurukan Hausare, na ɗauka maganar ba ta fita.

Kada ka taɓa adibas ɗin kowa. Kada ma ka kashe ko dala a kan ƙuri'a. Amma fa kada ka shiga shagon dattijo hannu rabbana, goro ba cin hanci ba ne, ladabi ne, abin da ku kuka mayar tsohon yayi.

Da za a bi tawa, ba shugabanci za ka nema ba. Ka nemi kujerar mai binciken kuɗi, wadda kowa ke gudu don ba a buga hoto a kanta. Mutumin da har yanzu wuyan kaftaninsa yake karkacewa, wanda in wuta ta ɗauke sai ya rufe shago don ya manta yadda ake taka keken ƙafa, me yake ci na baka na zuba? Sai dai mu ma mun daɗe a zaune, wasunmu ko lissafin ba sa gani sai da tabarau biyu, kuma idan kun jira mu sauka da kanmu za ku yi furfura a layi. Ku fito. In kun ci, a rubuta bayanin taron zaɓe a sa hannu a ranar, a kai sababbin sunaye ofishin perefe cikin wata biyu kamar yadda doka ta ce, kuma a taron farko a yanke wanda za a riƙa ranta wa kuɗin asusu, da nawa, da waɗanda za su sa hannu.